Jakar Ɗori da Ƙashin Tsoho

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ni ne Inusa Maɗori ɗan Aisami, na unguwar gabas a garin Gure. Ina faɗa, Malam Lawali limamin unguwarmu yana rubutawa, yau Litinin cikin watan Rajab na shekarar Hijira 1355, wadda mutanen bariki ke kira 1936. Hankalina ɗaya yake, ba zazzaɓi ke magana ba, ba kuma wanda ya tsare ni. Malam ya tambaye ni sunayen mutanen gidana da ranar kasuwar Bune da ta Kelle, na ba shi amsa, har na gyara masa guda. Jiki ne dai ya fara tattara kayansa, shi ya sa na ga gara in yi magana tun harshe yana juyawa.

Maganar tawa zuwa ga 'ya'yana uku ce. Babbanku, wanda bakina bai taɓa kiran sunansa na yanka ba, kamar yadda muka tarar ana yi wa ɗan fari, Malam zai sa sunan da alƙalaminsa sau ɗaya, Ibram, ni kuwa in ci gaba da ce masa Ɗan Talata. Sai Alhasan, sai autarku Fanna. Na haɗa da Garbai ɗan yayata Yabawa, wanda ya tashi a cikinku kuna cin kwano ɗaya.

Abin da ya hana ni sakat guda ɗaya ne. Ɗori ya haura shekara ɗari a gidan nan, daga kakana zuwa ubana zuwa ni. A cikinku mutum ɗaya Allah ya ba hannun, shi ne Ɗan Talata. Shi kuma damina biyu ke nan da ya ajiye jakar ɗori a bakin zaurena, ya koma kwarin Gidigir yana dafa gishirin manda, ya rantse ba zai ƙara taɓa ƙashin mutum ba. In na tafi a haka, duk wanda ya faɗo daga dabino ko raƙumi ya make shi tsakanin nan da Kelle, sai dai a kwantar da shi ya warke a karkace. Duk abin da zan faɗa a ƙasa, can ya nufa.

Na ɗaya. Gida da gona da bisashe, wannan ba aikina ba ne. Allah ya riga ya raba, malamai za su karanta muku rabon, kowa ya karɓi nasa ya yi shiru. Abin da zan ambata a nan ko dai kyauta ce da na bayar tun ina raye, Malam shaida, ko kuwa daga cikin sulusin da shari'a ta bar mini.

Na biyu. Kambuna na damtsen dama na ba Alhasan. Ba don layun da ke ciki ba, waɗannan baduku ya sani ko akwai wani abu a cikinsu. Ka juya bayansa, Alhasan, za ka ga layin ɗinki huɗu. Na farko an yi shi ina ɗan shekara ashirin da biyar, lokacin da nake ɗaga jaki da kayansa in an yi gardama a kasuwa. Sauran ukun duk ragi ne. Na kai wa baduku ya tsuke shi ina wajen hamsin, ya sake tsukewa ina sittin da 'yan kai, ya kuma tsuke shekara huɗu da suka wuce, yau ga shi yana zamewa har gwiwar hannu.

Abin mamakin, a shekarun da ake rage kambun nan, a su ne uwarku take ƙara mini tsawon mazagin wando. Hannu yana tsukewa, cinya tana tsukewa, ciki yana fitowa. Lokotoron bariki, wato likitan Nasara, ya taɓa ɗora ni a ma'auninsa shekarar da aka yi mana lamba, bayan shekara goma sha wani lokotoron ya zo ya sake ɗora ni, tafinta ya duba takarda ya ce wai tsoho bai ragu ba ko kaɗan. Na yi dariya har gardin da ke tsaron wurin ya harare ni. Nauyin buhu ɗaya ne, amma an sauya abin da ke ciki. Tsoka ta fita, kitse ya shiga ya zauna a gurbinta, ma'auni kuwa ba ya bambanta su. Ni da nake ɗaukar buhun na san guga cike da ruwa ya fi da nauyi a hannuna, alhali gugan bai ƙara girma ba.

Daga baya, da na wuce saba'in, shi ma kitsen ya fara zaɓen wurin zama. Ya bar fuska, ya bar bayan hannu, ya bar tafin ƙafa har tsakuwa ta fara yi mini magana ta cikin takalmi, amma a ciki ya ƙi tashi. Wa ya gaya masa inda zai bari da inda zai tsaya? Shekara da shekaru ina wannan tambaya, ban samu wanda ya amsa ba. Kai kuma Alhasan, shekararka talatin da takwas, kana zaune kan buzu kana sayar da manda, yaran kasuwa na yi maka dako, na ga tumbi ya fara gaishe da mutane kafin ka iso. Ka gwada kambun nan kowace sallar layya. Ranar da ka ga ya fara yi maka yawa, ka tashi ka kama igiyar rijiya da hannunka.

Na uku. A cikin tukunyar da ke bayan gadona akwai ƙashi biyu na ƙaurin sa, kowanne an tsaga shi biyu a tsaye. Kada wanda ya jefa wa kare. Waɗannan na gida ne gaba ɗaya, duk wanda zai koyi ɗori a zuriyata da su zai fara.

Sarkin fawa na da, abokina, Allah ya jiƙansa, shi ya tsaga mini su rana ɗaya. Guda na ɗan bijimi ne mai shekara uku, guda na tsohon takarkari da ya gaji da hanyar Damagaram. Na bijimin, bangonsa kauri kamar ɗan yatsa, ƙarshensa a cike da wata saƙa mai ƙananan ido, ɓargon wajen ja-ja. Na tsohon, faɗinsa daga waje ɗaya ne da na yaron, har ma ya ɗan fi. Amma da aka buɗe, bango ya yi siriri, rami ya yi faɗi, saƙar ta yage ta zama manyan ƙofofi, ɓargo kuwa duk ya koma rawaya, kitse zalla. Sarkin fawa ya ce mini haka naman ma yake, na tsohuwar dabba kitse yakan shiga tsakanin zarensa, wai shi ya sa masu haƙori ɗaya suke yabonsa ba su san tsufa suke ci ba. Na riƙe ƙasusuwan nan biyu, ɗaya a kowane hannu, ina duba. Ashe har cikin ƙashi kitsen yake bin mu.

Mutane suna ɗaukar ƙashi kamar itacen da aka kafa aka gama. Ni hannuna ya gaya mini ba haka ba ne. Na taɓa ɗora ƙafar wata yarinya 'yar shekara shida a Bune, uwarta ta kwance ɗaurin da wuri don kuka ya dame ta, ƙafar ta kama a ɗan karkace da ƙulli kamar goruba. Bayan shekara huɗu na bi ta garin, na ce a kawo mini ita. Na shafa daga gwiwa har idon sawu, ƙashi miƙe sambal, ƙulli babu, ko wurin ban gane ba. Wa ya kankare ƙullin? Wa ya miƙe abin da na bari a karkace? Tun ranar na tabbata akwai masu aiki biyu a cikin ƙashin kowane mai rai, ɗaya yana ɗebewa, ɗaya yana zubawa, ba sa hutu. A yaro mai zubawa ne ke gaba. Wajen shekara talatin sai su yi kunnen doki. Daga nan mai ɗebewa ya fara wuce ɗan'uwansa da taki ɗaya, kowace shekara taki ɗaya, ba gaggawa. Shi ya sa karayar yaro kwana ashirin ne, ta saurayi arba'in, ta tsoho wata uku, wani lokaci ma ba ta kamawa.

Ku tsaya ku yi tunanin wannan. Jikin da nake ciki yau ba shi ne wanda innata ta goya ba, ba kuma shi ne wanda ya auri uwarku ba. An rushe shi an gina, an rushe an gina, ina zaune a ciki, ina cin tuwo, ina faɗa da maƙwabta, ban taɓa jin ƙarar aikin ba. Tsarki ya tabbata ga Wanda yake wannan aiki a cikin kowane mutum da kowace akuya a ƙasar Muniyo lokaci guda, bai kuma taɓa sa ƙashin wani a jikin wani ba. Ban ga abin raini a tsufa ba. Na ga aiki ne mai tsari da ake sassautawa a hankali, don a ba mutum lokacin shiri.

Na huɗu. Maganar gwaggonku Yabawa. Wannan ita ce ta raba gidan nan, yau kuma zan faɗi abin da na riƙe damina biyu.

Kun san yadda aka yi. Ta fito daga ɗakinta da hantsi, 'yar ƙwarya ce kawai a hannunta, ta ɗaga ƙafa za ta ƙetare dokin ƙofa, sai ta zauna. Mutane suka ce ta faɗi ta karye. Ni da na ji labari na san karyewa ta fara yi, sannan ta faɗi. Ƙashin kwatangwalonta ya riga ya zama kamar karan hatsin da gara ta cinye cikinsa ta bar ɓawo. Ranar ina Kelle wajen wani Bafillace da sa ya taka. Aka kira Ɗan Talata. Ya yi abin da na koya masa ba ragi ba ƙari: mutum biyu su danne ƙugu, shi ya kama idon sawu ya ja har ƙafa ta daidaita da 'yar'uwarta. Ya ja, aka ji ƙara ta biyu, cinyar ta sake karyewa sama da gwiwa. Ta kwanta wata huɗu. Ina kallo tsokar ƙafafunta ta narke cikin kwana goma sha, bayanta ya yi miki, tari ya shiga, ta tafi. A zaman makoki Garbai ya miƙe a gaban jama'a ya ce Ɗan Talata ne ya kashe masa uwa. Washegari na tarar da jakar ɗori a bakin zaure.

Ni kuma na yi shiru, kuka ɗauka dattako ne. Tsoro ne ya rufe mini baki, don na san laifin wane ne.

Ga yadda muke koyar da ɗori a gidan nan. A karɓo ƙashin rago daga mahauta, a sa cikin jakar fata, a karya, a ba mai koyo ya haɗa da shafa ba tare da ya gani ba. Ɗan Talata ya haɗa irin wannan ya fi ɗari uku. To, wa yake yanka tsohon rago? Duk ƙashin da ya taɓa riƙewa na dabba mai ƙuruciya ne. Da ya girma na fara tafiya da shi wajen 'yan kokawa, da masu hawan dabino, da yaran da jaki ya kayar. Amma in tsoho ne ko tsohuwa, ni kaɗai nake shiga, don a wajenmu ba a yaye wa dattijo tufa a gaban sa'an ɗansa. Haka ubana ya yi mini, sai dai ni na yi sa'a ya yi tsawon rai ina jinyarsa, na koyi jikin tsoho a jikinsa ba da niyya ba. Ɗan Talata kuwa ya kai shekara arba'in bai taɓa riƙe gaɓar mai furfura ba.

Akwai tsoho guda da yake gani kullum, shi ne ni. Amma shi ɗan fari ne, ba na kiran sunansa, ba ma zama tabarma ɗaya, ko gaisuwa daga nesa yake durƙusawa. Tun da aka yaye shi hannunsa bai taɓa jikina ba. Ni kuma, in faɗi gaskiya, kunyar ta yi mini daɗi, don ta taya ni ɓoye abin da nake ɓoyewa. Ina zuba babbar riga, ina gyara murya, ina so a ci gaba da cewa maɗori bai tsufa ba. Ƙasusuwan nan biyu shekara goma sha biyar suna cikin tukunya ban nuna masa ba, kada ya dube su ya dube ni. Da sau ɗaya na miƙa masa damtsena na ce matsa ka ji, da ya san ba a jan ƙafar 'yar shekara tamanin da ƙarfin da ake jan ta ɗan kokawa. Ajalin Yabawa na Allah ne. Amma in ana neman wanda ya yi sakaci, ni ne, ƙaninta. Malam, rubuta shi yadda na faɗa, kada ka sassauta.

Na biyar. Uwarku Zaliha. Na san ku, da na tafi za ku zaunar da ita a kan tabarma, ku ƙwace taɓarya, ku ƙwace tsintsiya, ku ce hutu kuke ba ta. Kada ku yi. Wannan irin tausayin shi ke cinye tsofaffi.

A shekarar Kakalaba, da yunwa ta shafe ƙasar nan, na ga yadda jiki yake cin kansa. Kitse yake fara ci, in ya ƙare ya juya kan tsoka. Saurayi da tsoho duk suka zama ƙashi da fata, ba ka bambanta su ta baya. Da Allah ya kawo damina aka samu hatsi, cikin wata uku samari suka mayar da jikinsu kamar ba a yi ba. Tsofaffin da suka tsira kuwa ciki ya dawo, kumatu suka ɗan dawo, amma cinya da damtse ba su dawo ba har suka mutu. Abinci ɗaya suka ci, kwano ɗaya. Jikin tsoho ya zama kamar mai nauyin ji, sai an ɗaga murya kafin ya gane ana ce masa ya gina tsoka. Muryar kuwa biyu ce na sani, aiki da abinci mai kyau. Ku dubi tsofaffin da ke jan ruwa a kwari har yau, bayansu ya tanƙware amma hannunsu kamar igiya. Ku dubi sa'o'insu da 'ya'ya suka zaunar a zaure.

Saboda haka ku bar ta ta yi dakanta, ko da rabin turmi ne. Ku bar ta ta taka zuwa rijiya, wani ya ɗauko tulun. In an yi yanka kada a ce tsohuwa romo ya ishe ta, a daka mata tsoka ta ci. Nonon jar saniya nata ne kullum kafin na kowa, in masu kifin banda sun zo daga gabas a saya mata. Ku riƙa miƙa mata ruwa ko ba ta tambaya ba, don tsoho yakan bushe bai ji ƙishi ba. Ku tsunkuli fatar bayan hannuna ku gani, tsayawa take yi kamar tana jiran izini kafin ta kwanta, ta jikokina kuwa kafin ka saki ta koma. Ruwan jiki ne yake ja baya. Har tsakanin ƙasusuwan baya yake ja, shi ya sa ƙofar zauren da na shekara arba'in ina sunkuya mata yau nake wucewa da hulata a kai. A fasa dokin ƙofar ɗakin uwarku a daidaita shi da ƙasa tun wannan mako. In za ku tashe ta kada ku fizge ta ta hannu, ku sa hannu ta bayanta. In ciwo ya kwantar da ita, kada ta wuce kwana uku ba a zaunar da ita ba, ko tana zaginku.

Na shida. Fanna. Ke kika gaji bakina, shi ya sa muke yawan karawa, amma na lura da yatsunki tun kina ƙarama kina cire wa kaji ƙaya. Ki sani ƙashin mace ya fi na namiji saurin ɗebewa. Na lura tun daga lokacin da al'ada ta ɗauke wa mace, cikin shekara goma sai ƙashinta ya yi sauƙi kamar an zare masa wani abu. Wuyan hannu, kwatangwalo, gadon baya, nan yake fara nunawa. Ko mene ne ke haɗa jinin wata da ƙarfin ƙashi, Allah ya bar wa kansa sani, ni dai na ƙirga a hannuna na ga cikin tsofaffi goma da na ɗora bakwai mata ne. Kuma su ne suka fi jin nauyin namiji ya taɓa su, wata ma sai ta ɓoye karaya har ta ruɓe. Ina so ki koyi ɗori a wajen yayanki, ki zama ke ce mai shiga wajen mata. Ba a taɓa yi ba a gidan nan, to a fara. Na yi magana da mijinki, ya yi 'yan gunaguni, na tuna masa wa ya ɗora masa kafaɗa, ya yarda. Mazubin man shanu na ɗori da tsumman saƙi na ɗauri naki ne.

Na bakwai. Garbai. Kai ba magajina ba ne a shari'a, saboda haka daga sulusina na ba ka dabino uku na bakin rijiya a kwari, waɗanda uwarka ta fi son 'ya'yansu. Ba toshiyar baki ba ce. Ka yi kukan uwa, ka faɗi magana mai zafi, ban ga laifinka ba a ranar. Amma damina biyu ta isa. Yanzu ka ji wanda ya yi sakacin, in akwai sauran magana a cikinka ka zo ka faɗa mini ina da rai, zan saurara ban tanka ba. Ɗan'uwanka kuwa ka sake shi. Yabawa da bakinta, saura kwana kaɗan ta tafi, ta ce mini yaron nan ya ja ne da iyakar son da yake mata, wai da bai damu da ita ba da bai ja da ƙarfi haka ba. Ta ce in gaya muku. Ban gaya muku ba, don faɗar tana jawo tambayar da nake gudu. Wannan ma ku yafe mini.

Ranar da aka zo wankan gawata, Garbai ya zuba ruwa, Ɗan Talata ya cuɗa, Alhasan ya riƙe kai. Ku juya ni a hankali. Kada a sa mini likkafanin kanti, akwai farin saƙi da uwarku ta ajiye.

Na takwas, shi ne na ƙarshe. Jakar ɗori, da kararen da ke ciki, da addu'o'in da ubana ya ba ni, na Ɗan Talata ne. Tana nan rataye inda na ɗaga ta, ban buɗe ba. Rantsuwar da ka yi, Ɗan Talata, tana da kaffara, Malam ya ce a ciyar da miskinai goma. An riga an fitar da hatsin daga rumbuna, yana jiran ka sa hannu ka bayar.

Na san ka. In aka karanta maka wannan bayan an rufe ni, za ka yi kuka, ka karɓi jakar, ka rataye ta a wani ɗakin. Shi ya sa na ce wa Malam kada ya jira mutuwata. Gobe da sassafe za a kai maka takardar nan Gidigir a karanta maka, a kuma karanta wa sauran a nan.

Jiya Lahadi, bayan sallar la'asar, na dafa ƙasa da hannun hagu zan tashi daga buzu. Ba faɗuwa na yi ba, dafawa kawai, irin wadda na yi sau dubu. Na ji ɗan ƙas. Wuyan hannun ya karye, sama da gaɓa da yatsa biyu. Uwarku da Malam kaɗai suka sani, na sa shi cikin hannun riga. Na zauna ina shafa shi da hannun dama, ciwo yana ci, ni kuwa mamaki ya fi ciwon yawa. Hannun da ya ja ƙafar ƙarti shekara hamsin, yau nauyin mai shi kaɗai ya karya shi. Zan iya ɗaure shi da kaina, da hannu ɗaya da haƙoran da suka rage. Uwarku ta roƙe ni har ta yi fushi. Na ƙi.

Ɗan Talata, ka zo ka ɗora shi. Kunyar ɗan fari na ɗauke ta, ni na ɗora ta ni na sauke. Za ka zauna a tabarmata, in tuɓe riga, ka fara daga kafaɗa ka shafo har yatsu, ka matsa damtsen ka ji abin da ya rage, ka ƙirga haƙarƙarin, ka ji yadda fata take zamewa a kan ƙashi. Sannan ka kama karayar. Ba a danne tsoho, ba a kiran ƙarti. Garbai ne zai riƙe mini gwiwar hannu, shi kaɗai, riƙon da ake yi wa jariri. Kai kuma da yatsa uku za ka ja, kana ja kana saurare, in ka ji ƙashin ya amsa ka tsaya ko da bai miƙe sarai ba. Ka shimfiɗa auduga kafin kara, don fatar tsoho ba ta jure gugar kara. Ka sassauta ɗauri rana ta uku. Fanna ta tsaya a gefe ta gani.

Wata uku irin wannan karaya take nema, ni kuwa ban sani ba ko an ba ni wata ukun. Ba komai. In ta kama, alhamdu lillahi, in ba ta kama ba ka dai riƙe tsoho sau ɗaya a hannunka, na gaba da za a kira ka ba zai zama na farko ba. Ba na jin tsoron hannunka. Da ina jin tsoronsa da na ɗaure abina tun jiya.

Allah ya yi muku albarka, ku da 'ya'yanku da 'ya'yan 'ya'yanku. Allah ya ba ku tsufa mai mutunci, ya kuma ba ku masu riƙe ku a hankali in ya zo. Na yafe muku duka, abin da na sani da wanda ban sani ba, ku ma ku yafe mini. Kada gidan Aisami ya rabu biyu a bayana. Ku ci kwano ɗaya ranar sallah, ku je wa juna ciwo, kada wani ya ji labarin ɗan'uwansa a kasuwa. Ku riƙe uwarku, ku riƙe Garbai, ku riƙe salla.

Ɗan Talata, hannun ya fara kumbura. Yau kwana ɗaya, in ya wuce biyar zai fara kamawa a karkace. Ka biya ta gidan Garbai ku taho tare.

Malam Lawali ya rubuta, ya karanta mini, na ji, na yarda. Na dangwala babban yatsana na dama.